Kujerar Kusa da Kawu

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwanakin nan. Ba rowar labari ba ce, kunya ce ta riƙe mini hannu, don abin da na tafka a Abuja, ƙawata Rauda da ta gani da idonta har yau in ta tuna sai ta dafe kai.

Waɗanda suka shigo yau, sunana Halima Sadiya, 'yar Malam Ari mai sayen gyaɗa a Toranke. Na gama karatun likita, na yi shekarar koyon aiki, na yi hidimar ƙasa a Ilorin, sannan na dawo gida ina taya Inna ɓare gyaɗa. Farar rigata tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Duk safiya sai na kakkaɓe ta na mayar, kamar akwai inda za ni.

Sai kuma Ja'afar. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Gaya, dogo, marar hayaniya, irin mutanen nan da in sun yi dariya sai sun sunkuyar da kai. A motar Kano muka haɗu, ya bar mini gefen taga ya zauna a kan ƙarfe har Gaya. Shi kaɗai ne namiji a wajen Hajiyarsa, ita kuma ɓarin jikinta ya shanye. Kullum da safe shi ke ɗauko ta ya zaunar da ita a rana kafin ya tafi makaranta. Mutumin da ke wannan aikin ba a ce masa ya bar Gaya. Ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba, don rabin abin da ya sa nake son sa ke nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Asibitin da na yi hidima a Ilorin suna so in koma. Baba kuwa ya riga ya yanke magana tun da damina.

"Uwata," haka yake kira na, sunan mahaifiyarsa na ci. "Ban yi shekara da shekaru ina jan buhu a kasuwar Ajingi don ki zauna kina duba zazzaɓin maƙwabta a tsakar gida ba. In aka gama kaka ba ki samu aiki nan kusa ba, Ilorin za ki koma."

Hajiyar Ja'afar kuma, da bakinta da bai gama dawowa daidai ba, ta ce tana so na, amma ba za ta aura wa ɗanta matar waya ba, wadda ke can nesa sai dai a ji muryarta. Kun gani ko? In na samu aiki a kusa, na samu Ja'afar. In ban samu ba, mota ce za ta ɗauke ni, shi ke nan.

Ina zaune a kan turmi ranar wata Talata saƙonsa ya shigo.

"Likita, albishirinki."

"Goro fari, amma bashi."

"Kawu Bubayero zai dawo gida. Ya kusa gama ginin asibitin yaran nan na hanyar kasuwar Gaya. Yana neman ƙananan likitoci biyu."

Sai da na miƙe tsaye. Dakta Bubayero wan Hajiyarsa ne, babban likitan yara da ya daɗe a Abuja. Na rubuta da sauri har yatsuna na tuntuɓe: "To ka yi masa maganata mana!"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina kallon ɗigo-ɗigon nan uku suna rawa, zuciyata na bin su.

"Ba ki san Kawu ba. Ba ya ɗaukar mutum ta ƙafa. Ɗan cikinsa ma sai da ya kore shi ya je ya nema a wani wuri. Ya ce sai ya ga mutum da idonsa, ya ji bakinsa. Amma zai je taron likitocin yara a Abuja, a can yake son ya duba matasa."

Ni fa ba mai imani da taron nan ba ce. Na taɓa zuwa ɗaya ina ɗaliba, abin da na dawo da shi jaka ce da biro da murar sanyin na'ura. Manya su hau mumbari su yi ta nuna hotuna, ƙanana mu yi ta tafi, a watse kowa bai san kowa ba. Haka na gaya wa Rauda, wadda muka yi makaranta tare, ita ma tana zaman jiran aiki a Kano. Sai ga muryarta ta shigo mai tsawon gaske:

"Ke Sadiya, matsalarki ke nan, kina zaton aikin yana cikin zauren taro. Ba ya can! Yana layin shayi, yana bakin lifta, yana teburin abinci. Wata da ta gabace mu a makaranta, a layin karɓar samosa ta samu gurbinta. Wani kuma ya je taro biyar bai samu ko sannu ba, gaskiya ne, amma shi bango yake bi. Ki tashi ki shirya, zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Baba na fi jin tsoro. Na same shi a zaure yana duba wani buhun gyaɗa, ya cusa hannu har gwiwa ya ɗebo ta ƙasa. Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla: likitoci daga ko'ina, kowa ya kafa aikinsa a allo, manya suna zagayawa suna dubawa.

Ya watsa gyaɗar a tafinsa, ya hura. "Kasuwa ce ke nan."

"A'a Baba, taron ilimi ne."

"Masu kaya sun zo, masu saye sun zo. Me ya rage? Ki je. Amma ki sani, buhun da aka bari a ɗinke ba a taya shi."

Ina da ɗan binciken da na yi a zaman banzan nan, kan yadda iyaye mata a ƙauyukanmu ke jinkirin kai yaro asibiti lokacin tugar gyaɗa, sai zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Gida-gida na bi, Toranke har Gafasa, ina tambaya ana ba ni fura. Shi na buga a babbar takarda. Inna ta fito mini da atamfarta shuɗiya mai zanen ganye da ba ta taɓa ɗinkawa ba, aka yi mini doguwar riga mai dogon hannu. Na sa jan lalle iya yatsu, na ɗauki farin mayafi da baƙin takalmi marar tsini. Na tura wa Ja'afar hoto ina tsaye gaban madubin Inna mai tsaga a gefe.

"Ni dai da ni ne Kawu, na ɗauka tun daga nan," ya rubuto.

Na karanta ya fi a ƙirga a hanyar Abuja. Duk garin da muka wuce sai in ji kamar ana jan wani zare daga ƙirjina zuwa Gaya.

Ranar farko ba abin da ya faru sai ciwon ƙafa. Na tsaya gefen allona kamar mai tallan da ba ta iya kiran kaya ba. Mutane su zo su karkata kai, su ce "da kyau", su wuce. Rauda kuwa, cikin abayarta ruwan toka, ta zaga ɗakin nan kaf, ta karɓi lambar kowa har mai gyaran lasifika.

Rana ta biyu da hantsi Dakta Bubayero ya zo. Ban taɓa ganin sa ba, amma hancin Ja'afar ne a fuskarsa, da irin tsayuwarsa ta kafaɗa ɗaya a sama. Farar shadda, hula zanna, tabarau a rataye a wuya. Gabana ya faɗi tun kafin in karanta sunan da ke ƙirjinsa.

Ya karanta aikina tun daga sama har ƙasa, bai tsallake layi ba.

"Wa ya tattara miki wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da ƙafarki?"

"Da ƙafata."

"To in uwa ta ce miki ba za ta bar gyaɗa a ƙasa ruwa ya dake ta ba, me za ki ce mata?"

"Ba zan ce ta bari ba, ranka ya daɗe. Mu ya kamata mu je gonar. A sa mai duba yara ya riƙa zagayawa a babur har a gama tuga."

Ya sa tabaransa, ya dubi katin da ke wuyana. Na ga idonsa ya tsaya a kan sunan, sannan ya ce, "Toranke." Ba tambaya ba ce. A nan na gane Hajiya ta riga ta gaya masa ko ni wace ce.

"Ki same ni wajen abincin rana," ya ce, ya wuce.

Rauda ta kusa karya mini hannu don murna. "Kin gani? Kin gani? Wannan fa ita ce ganawar, babu wata bayan ta!"

Jama'a, yanzu ku saurare ni da kyau kafin ku zage ni. A gidanmu, Inna ba ta taɓa kai loma baki a gaban iyayen Baba ba har suka koma ga Allah. In kakata ta shigo tana cin abinci, rufe kwanon take ta tura ƙarƙashin gado. Yayata da ta yi aure a Ajingi, ko ruwa ba ta sha in surukinta na tsakar gida. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga doka. Abu ne da na tashi na gani, ya shiga jikina kamar yadda hannun dama ke zuwa kwano da kansa. Su Ja'afar kuwa Fulani ne, tasu kunyar ta ninka tamu.

Na shiga layi na zubo soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza da ɗan ganye. Ina ta maimaita abin da zan faɗa: na iya sa wa jariri ruwa a jijiya, na iya kwana a kan yaro mai sanƙarau, ina son aiki a gida. Na hango shi a teburin tsakiya da wasu manya biyu. Ya ɗago hannu. Da na matso, da kansa ya jawo kujerar da ke damansa, ya ce, "Zauna nan, Dakta. Bismillah."

Na dubi kujerar. Na dubi cinyar kazar. Sai kawai na ga kaina ina yagar nama da haƙori, maiƙo a leɓena, a gefen wan uwar mijin da nake so in aura. Ƙafafuna suka ƙi. Wallahi ban yanke shawara ba, jikina ne ya yanke. Sai ji na yi na durƙusa a kan kafet ɗin otal, da faranti a hannu, a gaban likitocin ƙasar nan kaf.

"Ina wuni, ranka ya daɗe. An yi taro lafiya? Ya gajiya?"

"Lafiya lau. Tashi ki zauna mu ci."

"Na ƙoshi, ranka ya daɗe."

Na ƙoshi! Da shinkafa tsibi guda tana tururi a hannuna! Ɗaya daga cikin manyan, wata farfesa Bayarabiya, ta dube ni ta dubi farantin, ta ce da Turanci ko ba ni da lafiya ne. Dakta Bubayero kuwa ya ɗan jima yana kallo na, sannan ya gyaɗa kai a hankali. Na miƙe da baya-baya, na fice.

A matattakalar bene na zauna, bayan ƙofar da ma'aikata ke bi. Ko loma uku ban yi ba. Ta gilashin ƙofar ina hango teburin, kujerar nan a jaye, ba kowa. Rauda tana tsaye nesa kaɗan tana yi mini alama da ido da hannu, kamar ta zo ta ɗauko ni. Na girgiza kai. Can sai na ga ya yafito ta. Ta waiwayo ta dube ni sau ɗaya, sannan ta zauna.

Na ga tana ci. Na ga tana magana da cokali a hannu. Har na ga ta girgiza kai tana musa masa wani abu, shi kuma ya ajiye nasa cokalin yana saurare, daga baya ya yi dariya. Ni na san likitancin Rauda, ta kuma san nawa. A makaranta ni nake yi mata bitar darasin yara.

A ɗakinmu da yamma ta zauna bakin gado ta ƙi cire mayafi.

"Sadiya, ya ba ni gurbi ɗaya."

"Allah ya sanya alheri." Da gaske na faɗa, amma muryata ba ta fito daidai ba.

"Wallahi sunanki na yi ta kawowa. Na ce kin fi ni. Ya ce ya sani, ya karanta aikinki." Ta share ido. "Me ya sa ba ki zauna ba? Kujera ce fa kawai!"

Ita a cikin birni ta tashi, babanta da mijin yayarta a faranti ɗaya suke cin abinci suna kallon ƙwallo.

To ga masu tambaya ta a saƙo ko zuwa taron nan yana sa a samu aiki: yana sawa mana, ga Rauda nan. Ni ma har bakin kujera ya kai ni. Abin da taro ba ya yi shi ne ya lanƙwasa maka gwiwa ka zauna.

Da na dawo Toranke na ba su labari a tsakar gida. Inna ta tafa hannu, fuskarta ta cika da haske.

"Alhamdulillahi! 'Yar halak! Da kin zauna kin ci, da wane ido zan kalli mutanen Gaya? Boko bai cinye mini ke ba."

Baba yana alwala a bakin rijiya. Ya gama, ya zuba sauran ruwan butar a gindin zogale, ya ce, "An fara ɗaure harawa, Uwata." Ya sa takalmi ya fita masallaci. Ya fi mini ciwo da a ce faɗa ya yi.

Gaskiya ya faɗa. An tuge gyaɗa, an sheƙe ta, gero ya shiga rumbu. Kowace mota da ta fita zuwa Ajingi da buhuna a kai, sai in ji kamar kwanakina ta ɗauka. Mutanen Ilorin sun sake kira, na ce ina zuwa da magana. Na daina buɗe hotunan Ja'afar, sai in buɗe kuma. Akwai wanda ya ɗauka a bakin sabon asibitin tun kafin in tafi, yana nuna wata taga da yatsa, ya rubuta a ƙasa: "Ofishin matata." Daga tagar, ya ce, ana hango rufin gidansu. Da zan fito da azahar in je in juya Hajiya, in auna mata jini, in koma. Na riga na zauna a ofishin nan a raina, har labule na zaɓa masa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa. Ko cikin babura ɗari zan gane shi, yana da wani tari da yake yi kafin ya mutu. Na sa hijabi ruwan ƙasa, na shafa turaren Inna, na fita zaure. Yana zaune a kan tabarma cikin farin yadi, ya rame, ko idona ne.

"Likita."

"Malam. Ya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi. Tana gaishe ki." Ya juya makullin babur a hannunsa. "Kawu ya zo jiya."

Na ɗago na dube shi.

"Ya daɗe a ɗakin Hajiya. Ban taɓa jin ya yabi mutum haka ba. Ya ce ya ɗauka irin wannan kunyar ta ƙare a duniya. Ya ce yarinya da faranti a hannu ta ce ta ƙoshi, don girmansa. Hajiya har kuka ta yi. Ya ce shi da kansa zai jagoranci zuwa gaisuwa wajen Baba."

Daɗi ya taso mini har wuya. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Amma na san Ja'afar, in ya gama magana yakan ajiye makulli. Bai ajiye ba.

"Aikin fa?"

Ya ci gaba da juya makullin.

"Malam, aikin fa?"

"Saura gurbi ɗaya. Bai ba kowa ba tukuna." Ya sunkuyar da kai. "Na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce a gida ba shi da kamar ki. Amma ya ce asibiti wani wuri ne. Ya ce wata rana zai rubuta wa yaro magani ya yi kuskure, don shi ma mutum ne, kuma ya tsufa. Yana son wanda zai tsaya a kansa ya ce, Dakta, ba haka ba ne. Ya ce wadda ba ta iya cin shinkafa a gabansa ba, yaya za ta iya wannan?"

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Abin da ya fi ƙona ni, ban ga ƙaryarsa ba.

"Sadiya," ya ce. Bai cika kiran sunana ba. "Ni ban san yadda zan yi ba. In kika tafi Ilorin, zan ci gaba da ɗaga Hajiya da safe, in je makaranta, in dawo. Haka zan yi ta yi. Amma ban san wa zan riƙa ba labarin ranar ba."

A waje yara na kora awaki gida, wata mota ta wuce da buhuna.

"Ba ni lambarsa," na ce.

Ya ɗago da sauri. "Ta Kawu? Ke da kanki? Ai ba a yi..."

"Na san ba a yi. Ba ni."

Ya karanto mini. Na bar shi a zaure na shige ɗaki, na wuce Inna tana tankaɗe tana tambaya ta lafiya, na turo ƙofa. Na tsaya tsakiyar ɗaki, na gyara tsayuwa kamar yadda nake yi a gaban gadon marar lafiya, na danna.

Ta yi ƙara har na fara fatan kada ya ɗauka. Sai ya ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Halima Sadiya ce, daga Toranke."

Ina jin ƙarar guduma a bayansa, ana ta aiki a asibitin.

"Na gane," ya ce. "Amma kafin ki ci gaba, gaya mini da wa nake magana. Likita ce, ko surukata? Don amsar da zan ba kowacce daban ce."

Na buɗe baki in ce likita ce. Sai na ji sanyin siminti a gwiwoyina. Na duba ƙasa. Ban san lokacin da na yi ba, a ɗakin da ba mai gani na, ashe tun sallamarsa a durƙushe nake.

"Ina jin ki," ya ce.